Waiwaye: Daga Tutar Shehu Zuwa Kore da Fari

A farkon watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, hotunan Kano sun iso ƙauyenmu ta wayoyin samari tun kafin rediyo ta kawo labarin. Matasa ne cike da titi suna ɗaga wata tuta mai fari da shuɗi da ja, tutar Rasha. Aka kama telolin da ake zargin su suka ɗinka ta, aka kwashi yara da dama zuwa Abuja. A watan Nuwamba wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban kotu, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. A majalisar da muke zama bayan la'asar, nan tsakanin Malam Madori da Haɗeja, wani dattijo ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya miƙa wa mai wayar abinsa ya ce, "To 'ya'yana, tamu tutar me ta yi musu?" Kowa ya yi shiru. Tun ranar tambayar nan take cina, ita ce kuma ta sa na koma baya.

A wurin Bahaushe tuta ba ƙyallen ado ba ce. Idan aka ce wane ya ciri tuta, ana nufin ya yi abin da ya ɗara na kowa, kuma maganar daga fagen daga ta samo asali. Bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804, malamai da shugabannin jama'a suka riƙa zuwa suna karɓar tuta, kowa ya koma ƙasarsa da ita: Yakubu a Bauchi, Modibbo Adama a Fombina, Buba Yero a Gwambe, Umarun Dallaji a Katsina, Malam Musa a Zazzau, Malam Zaki a Katagum. A nan wajenmu Umaru da ƙaninsa Sambo ne suka kafa sarautar Fulani ta Haɗeja, Ɗantunku kuma ya kafa ta Kazaure. Gumel ba ta shiga wannan sahu ba, don Mangawa da Barno suke tare. A Kano har yau ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki huɗu sarautarsa Sarkin Dawaki Mai Tuta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ake bayar da ita. Hannu da hannu ake yi, a damƙa wa mutum guda da aka san sunansa da na ubansa, tare da sharaɗin ya tsayar da adalci, ya bar zaluncin da aka tashi yaƙa. Ko duk sun cika sharaɗin, wannan wata magana ce, kuma Malam Abdullahi na Gwandu da kansa ya koka da wasunsu tun ana cikin jihadin. Amma dai talaka ya san wanda zai tuhuma, domin ya san wanda ya karɓi amanar. Shi ya sa ranar 15 ga Maris 1903, da Turawa suka buɗe wuta a filin Giginya a Sakkwato, aka sami mutanen da suka ƙi barin tutar Sarkin Musulmi Attahiru har suka kwanta dama a gindinta. Shi kansa a Burmi ya yi shahada cikin watan Yulin shekarar. Haɗeja sai a 1906 ta faɗi, bayan an kashe Sarki Muhammadu, wanda muke kira Mai Shahada, tare da ɗimbin fadawansa a cikin gari.

Tutar da Gwamna Lugga ya kawo bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 shuɗiya ce, da tutar Ingila a kusurwa, da jan da'ira mai ɗauke da koren tauraro mai tsini shida da kambin sarauta a tsakiya. Mutanen karkara ba a kan sanda suka san tauraron nan ba, don sai wanda ƙara ko haraji ya kai ofishin Di'o ne zai gan ta tana kaɗawa. A jikin kuɗi suka san shi, a kwabo da ɗari da anini masu huda, kuma da yawa sun ɗauke shi hatimin Annabi Sulaimanu irin wanda malamai ke zanawa. Kakarmu ta rasu ta bar wasu anini a zarge da zare cikin ƙaramin ƙoƙo, a nan na fara ganinsa.

Da mulkin kai ya matso, gwamnati ta sa gasar zana tuta, aka turo zane kusan 3,000. Wanda ya ci shi ne Taiwo Akinkunmi, wani saurayi ɗan Ibadan mai shekara 23 da ke karatu a Landan, a 1959, aka ba shi fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta suka bar kore, fari, kore. Da tsakar daren da aka wayi gari 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa na Ikko wanda yanzu ke ɗauke da sunan Tafawa Ɓalewa, aka sauke ta Ingila aka ɗaga tamu. Fassarar da aka bayar gajeriya ce: kore noma ne da albarkar ƙasa, fari kuma zaman lafiya da haɗin kai.

Kashi biyu cikin uku na tutar nan ke nan na manomi ne, kuma a 1960 wannan ba kirari ba ne. Ko da yake an sami man fetur a Oloibiri tun 1956, abin da ke riƙe da ƙasar a lokacin gyaɗa ce da auduga da koko da manja. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja layi zuwa Nguru ya ratsa ta Ringim da Malam Madori da Birniwa. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda da kaka jakuna da raƙuma ke yin jerin gwano zuwa bakin sikeli a tasha, mata suna ɓarza tun asuba, 'yan baranda suna tare hanya. Buhunan nan ne ake jibgewa a Kano su zama dalar gyaɗa, sana'ar da Alhasan Ɗantata ya yi suna a cikinta, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba idan ana yabon zamanin. Hukumar ciniki ce ke yanka farashi, tana saye ƙasa da yadda za ta sayar a waje, rarar ta shiga baitulmali. Da irin wannan rara gwamnatin Sardauna ta yi manyan ayyukanta. Kowace makaranta da asibitin da aka gina a lokacin akwai gumin mai fartanya a cikin tubalinsu, kuma bai kamata a manta da sunan wanda ya biya ba.

Fari na 1973 ya karya mutane, sai kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975 ta ƙarasa. A daidai lokacin ne kuɗin mai ya cika aljihun gwamnati, hankali ya koma can. Ba a ce ba a yi komai ba. Madatsar Tiga da aka fara zamanin Audu Bako ta mayar da Kadawa da Kura gidan shinkafa da tumatir. Amma mu da muke ƙasan kogi mun ga ɗaya fuskar: ruwan ya daina zuwa a lokacin da fadama ta saba, kacalla ta toshe hanyoyinsa, jan-baki suka samu wurin kwana a cikinta suna sauka kan hatsi kamar hadari. Wata shekarar kuma ambaliya, irin ta 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a faɗin Jigawa. Duk da haka riɗi da zoɓon da ake lodi a Maigatari da Dawanau a fita da su ƙasashen waje daga gonakinmu suke fitowa. Manomi bai saki nasa ɓangaren alkawarin ba.

Farin tsakiya kuwa bai kai shekara bakwai ba jini ya ɗiga a kansa. An yi juyin mulki sau biyu a 1966, sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Yau ma 'yan'uwanmu na Zamfara da Katsina akwai waɗanda sai sun biya 'yan bindiga kafin su girbe abin da suka shuka. Inda babu farin, koren ba ya tsayawa.

Sashe na 24 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa girmama tuta, kuma ina tare da wannan ɗari bisa ɗari. Ɗaga tutar wata ƙasa a titin Kano kuskure ne, raina ya ɓaci da na gani. Amma tsarin mulkin nan dai, a sashe na 14, shi ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban aikin gwamnati. Yaron da tun cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ga mudun gero ya fi ƙarfin ubansa, wa zai nuna ya ce wannan ne ya karɓi tutar hannu da hannu? Shi kansa Akinkunmi, wanda ya dawo gida ya yi aiki a ma'aikatar gona, ya shafe shekaru an manta da shi kafin a ba shi lambar girma a 2014. Ya rasu a Agustan 2023 yana da shekara 87, iyalinsa suka jira kusan shekara guda suna sauraron jana'izar da gwamnati ta yi alkawari kafin suka binne shi.

Tutar firamarenmu rana da hunturu sun cinye ta, koren ya koma kamar toka, gefe ɗaya ya yage. Da Oktoba ta matso, dattijon nan na majalisa ya sayar da kaji biyu, ya kira hedimasta ya ce, "Malam, ga wannan, a ɗinko sabuwa." Ni aka aika wurin tela ran kasuwa da awo a takarda: ƙyalle uku daidai wa daida, tsawon ya ninka faɗin. Telan ya zaro yadi kore iri biyu ya ce, "Yaya, wanne za a sa?" Na zaɓi wanda ya fi kama da ganyen gyaɗa a tsakiyar damina. Ranar da aka ɗaga ta, rabin 'yan aji shida ba su zo ba, suna gona ana cirar gyaɗa.