Ɗan Labanon da zai shiga Kamaru: abin da doka ta tanada kan biza

Duk mai fasfo ɗin Labanon da zai shiga Kamaru sai da biza, ko daga Bairut ya taso, ko daga Kano, ko daga Abijan. A nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin Kamaru ta ɗauke wa 'yan Najeriya da 'yan Mali biza idan ziyarar ba ta wuce kwana 90 ba, haka ma maƙwabtanta na ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, CEMAC, wato Chadi, Gabon, Kongo Barazabil, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. Labanon ba ta cikin wannan sahu.

To a ce ga ɗan Labanon da aka haifa a Fagge, yana da shago a Kantin Kwari, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Muddin fasfo ɗin da ke aljihunsa mai tambarin bishiyar nan ta tutar Labanon ne, jami'in kan iyaka baƙo yake gani, ba maƙwabci ba. Katin izinin zama a Najeriya ba ya mayar da shi ɗan Najeriya. Sai fa idan ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ya kuma karɓi koren fasfo; Labanon ba ta hana 'ya'yanta riƙe fasfo biyu, don haka wannan zai iya shiga da na Najeriya ba tare da biza ba. Abin da jami'i ke dubawa shi ne fasfo ɗin da aka miƙa masa.

Dokar da ke tafiyar da shigar baƙi da zamansu da fitarsu ita ce mai lamba 97/012 ta 10 ga Janairun 1997. An yi mata gyara a Yulin 2022, sannan Shugaba Paul Biya ya sa hannu kan dokar aiwatarwa a Maris 2023. Daga 30 ga Afrilun 2023 neman biza ya koma intanet, a shafin evisacam.cm. Zamanin kwasar takardu a jaka a je a yi layi a ofishin jakadanci tun da asuba ya wuce, ko da yake ba baki ɗaya ba.

Mutum zai buɗe asusu a shafin, ya cike fom da Faransanci ko Turanci, ya ɗora hotunan takardunsa, ya biya kuɗi. Idan an amince, sai a aiko masa da takardar izini mai lambar nan da ake haskawa da na'ura, QR. Wannan takarda ba ita ce bizar ba tukuna. Wanda ke zaune inda Kamaru ke da ofishin jakadanci, kamar Abuja, ko ƙaramin ofishi kamar na Legas da Kalaba, can zai je a ɗauki hoton yatsunsa a manna masa biza a fasfo. Wanda kuma babu irin wannan ofishi a inda yake, zai hau jirgi da takardar izinin, a yi masa sauran aikin a wurin sauka. Matafiyi daga Bairut yakan bi ta Adis Ababa ko Istanbul ko Alƙahira kafin ya sauka Duwala ko Yawunde, kuma tun a teburin awon kaya ma'aikatan jirgi za su nemi ganin takardar. Gara a buga ta a kan takarda, kada a dogara da waya kaɗai.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. A tsarin 2023, bizar gajeren zama, wadda iyakarta wata shida, sefa 100,000 ce, kusan yuro 152. Ta dogon zama, har zuwa shekara guda, sefa 150,000. Mai gaggawa zai ƙara 50,000 a duba masa cikin awa 24 maimakon awa 72. Akwai kuma bizar ratse ta 'yan kwanaki ga wanda zai wuce wata ƙasa. Dokar kasafin kuɗi ce ke yanka farashin, saboda haka adadin da shafin ya nuna ranar biya shi ne abin bi.

Takardun da ake nema sanannu ne: fasfo da ya rage masa aƙalla wata shida, tikitin komawa, shaidar abin da mutum zai ciyar da kansa, da shaidar masauki. Ta ƙarshen nan ita ke kawo cikas. Idan otal ne, takardar kama ɗaki ta wadatar. Idan kuwa gidan ɗan'uwa za a sauka, kamar yadda yawancin 'yan Labanon ke yi saboda danginsu da suka daɗe suna kasuwanci a Duwala, wasiƙar “zo ina jiranka” ba ta isa ba. Mai masauki ne zai yi takardar da ake kira certificat d'hébergement, ya kai hukuma ta buga mata hatimi. A lura da rubutun suna: a fasfo Mohamad, mai masauki ya rubuta Mohammed, kamfanin jirgi ya sa Mouhamed. Wannan kaɗai kan isa a tsayar da mutum gefe ana masa tambayoyi, gajiyar tafiya na cinsa. A kwafi sunan harafi bayan harafi daga fasfo.

Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa. Ɗan Labanon mazaunin Afirka ta Yamma yawanci yana da shi, amma wanda ya taso daga Bairut yakan manta, tunda babu cutar a can. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka allurar jajibirin tafiya ba ta da amfani a wurin jami'i. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta ishi mutum har ƙarshen rayuwa.

Bizar ziyara ba izinin aiki ba ce, kuma nan ne samari da yawa ke faɗawa tarko. Kawu ya ce zo ka kama mini shago, yaro ya shigo a matsayin mai ziyara, wata shida ta cika yana tsaron shago. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta ce kwangilar aikin baƙo sai minista ya sa mata hannu, mai niyyar zama kuma sai ya nemi katin zama, carte de séjour, daga hukumar 'yan sanda ta ƙasa, wanda ake sabuntawa duk shekara biyu. Wanda ya zarce wa'adinsa babu wannan kati, doka ta ba hukuma ikon kai shi kan iyaka ko korarsa, bayan tara ko ɗauri da kotu ka iya yankewa.