Lepidolait

Lepidolait ma'adini ne daga dangin maika, wato duwatsun nan masu ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle. Yana ɗauke da litiyam, fotasiyam, alminiyam da fuloriin. Masanin sinadarai ɗan Jamus, Martin Klaproth, shi ya raɗa masa suna a 1792, daga kalmar Girkanci mai nufin ɓawon kifi, saboda yadda ƙananan fallayensa ke jeruwa.

Launinsa ne ke fara jan ido: shunayya mai haske ko ruwan hoda, wani lokaci toka-toka. Da yawa na zaton litiyam ne ke ba shi wannan launi, alhali ɗan manganis ɗin da ke cikinsa ne. Ba shi da tauri, tsakanin 2.5 da 3 yake a ma'aunin Mohs, wato ma'aunin taurin ma'adinai da ke tashi daga 1 zuwa 10. Idan aka sa bakin wuƙa a gefensa, sai falle ya ɗago siriri, a lanƙwasa shi ya koma yadda yake, yatsu kuma su kwashi ƙyalli.

Yana samuwa ne a cikin fegmatait, jijiyoyin dutse masu manyan ƙwayoyi. Idan narkakken dutsen giranait yana hucewa a ƙarƙashin ƙasa, sauran ma'adinai kan riga daskarewa, sai ragowar ruwan ƙarshe ya tara litiyam da fuloriin da rubidiyam. Daga wannan ragowa lepidolait ke fitowa, shi ya sa ake yawan samunsa tare da tomalin, sufodumin (wani ma'adinin mai litiyam), har da kuza. Akwai shi a Bikita ta Zimbabuwe, Minas Jerais ta Burazil, Yichun ta ƙasar Sin, da Ijero a jihar Ekiti ta Najeriya.

A 1861 masana kimiyya 'yan Jamus, Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff, suka gano sinadarin rubidiyam a cikinsa, ta hanyar nazarin hasken da yake bayarwa a harshen wuta.

An daɗe ana zuba shi a haɗin gilashi da tangaran domin yana rage zafin da ake buƙata kafin su narke, ana kuma goge shi a yi duwatsun ado. Yanzu batirin waya da na motar lantarki, waɗanda ake yi da litiyam, ne suka ɗaga darajarsa. Sai dai litiyam ɗin da ake tacewa daga gare shi bai kai na sufodumin ba, aikin ya fi cin wuta da kuɗi, kuma tulin tarkacen da yake bari babbar damuwa ce ga ruwa da gonakin mutanen da ke kusa da ma'aikatun, kamar yadda aka gani a Yichun.