Waiwaye: daga ina wasiyyar lauya ta samo ƙarfinta?

Duk lokacin da wani mai hali ya rasu, aka gama sadakar bakwai, sai lauya ya ɓullo da ambulan, gardamar nan takan dawo sabuwa a Facebook da majalisun unguwa: Musulmi zai iya rubuta wasiyya ya raba dukiyarsa yadda ya ga dama? Wasu na ɗauka sabon salo ne na 'yan boko. Maganar ta haura shekara hamsin a gaban kotu.

Abin da malamai suka karantar sananne ne. Suratun Nisa'i ta yanka wa kowane magaji rabonsa, wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya nuna, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai sauran magada sun yarda. Da Turawa suka zo kuma, dokokin gama-gari da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu 1900 suka zama namu, ciki har da dokar wasiyya ta 1837. Ita wannan ta ce mutum ya rubuta, ya sa hannu gaban shaidu biyu, ya ba wanda yake so abin da yake so.

Shekaru da dama dokokin biyu na zaman doya da manja, har wata shari'a ta haɗa su a Zariya. Wani Bayarabe Musulmi, ɗan asalin Legas, ya rasu ya bar wasiyya irin ta Ingila, inda ya fifita wasu 'ya'yansa a kan wani. Wanda aka rage wa ya kai ƙara. Babbar Kotu ta ba shi gaskiya, ta ce mamacin ɗan Malikiyya ne, don haka ba shi da ikon sauya rabon magada. A 1971 Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci, domin a rubuce dokar 1837 ba ta ware Musulmi ba, kuma babu wata dokar gida da ta taƙaita ta a Arewa. Alƙali kuwa da abin da ke rubuce yake aiki. Daga ranar, Musulmi na iya fita daga rabon fara'ili da takarda guda da shaidu biyu, ko da bai taɓa barin sahun gaba a masallaci ba.

Abin dariya, ita Ingilar tun 1938 ta ba kotu ikon cire wani abu daga dukiyar mamaci ta ba iyalin da wasiyya ta hana. Mu da muka ara, sai muka tsaya a 1900.

Gyara ya zo jiha-jiha, a makare. Kaduna, Kwara da Oyo na cikin waɗanda suka yi dokar wasiyya tasu, suka ce 'yancin rabawa bai shafi wanda ya rasu yana ƙarƙashin shari'ar Musulunci ba. Da dokar Kwara Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wasiyyar wani Musulmi a 2007. Amma inda ba a yi irin wannan doka ba, hukuncin 1971 bai mutu ba. Shi ya sa gidaje biyu masu aƙida ɗaya za su kai takarda iri ɗaya kotu, ɗaya ta tsaya, ɗaya ta faɗi, gwargwadon jihar da dokarta ta hau kan mamacin.