Girka Injin Ɗurin Harsashi a Kan Teburin Aiki na Gida

Ɗurin harsashi da hannu aiki ne da mafarauta da masu gasar harbi suke yi a gidajensu, galibi a Amurka, sai kuma Kanada da Ostareliya da wasu ƙasashen Turai. Mutum zai tattara kwanson tagulla da ya riga ya harba, ya matse shi ya koma girmansa na asali, ya sa masa sabuwar furaima, wato ɗan ƙyastun da ke gindin kwanso, ya zuba albarushi bisa awo, sannan ya dasa ƙwayar harsashi a baki. Injin da ke yin wannan matsin da hannu ake jan sa, kuma ba ya tsayuwa da ƙafarsa sai an ɗaure shi a bakin teburi. Daga ranar da aka ɗaure shi teburin ya zama sashen injin: in ya lanƙwasa ko ya yi rawa, aikin ma haka zai yi.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka mai ɗura wa kansa ba ya bukatar lasisin tarayya, amma mai ɗurawa don sayarwa sai ya mallaki lasisi nau'i na 06 daga ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. A Jamus sai da izini ƙarƙashin sashe na 27 na dokar abubuwa masu fashewa ake sayen albarushi, a Birtaniya kuwa dokar 2006 ta taƙaita sayar da furaima ga masu takardar mallakar bindiga. A ƙasashe da dama aikin haramun ne ɗungurungum ga farar hula.

Daga aljihu zuwa teburi

Kayan ɗurin farko ba ruwansu da teburi. Kamfanin Ideal da John Barlow ya kafa a 1884, wanda kamfanin Lyman ya saye a 1925, ya yi suna ne da wani abu mai kama da awartaki da ake matsawa a tafin hannu. Lee Loader ɗin da Richard Lee ya fito da shi a 1958 ma guduma kawai yake bukata da wuri mai tauri. Injin teburi ya yaɗu ne a wajajen 1930 da ƙirar kamfanin Pacific mai siffar harafin C, kuma zaren da ya zama gama-gari a kan ƙarafan matsi, wato ƙarafan da ake ɗaurawa a injin don a cusa kwanso cikinsu, faɗin 7/8 na inci da zare 14 a kowane inci, tun zamanin nan ake tafe da shi. Injinan farko da yawa sama ake jan hannunsu lokacin matsi, abin da ke ɗaga teburin daga ƙasa in ba shi da nauyi. Daga baya ƙira ta koma danna hannu ƙasa. Fred Huntington, wanda ya kafa RCBS a garin Oroville na Kalifoniya a 1943, ya shahara da haɗin gaɓoɓi mai ninka ƙarfin hannu, kuma Rock Chucker da kamfanin ya fitar a 1967 shi ne har yau ake gwada sauran injina da shi.

Inda ƙarfin yake sauka

Wanda ya fahimci wannan sashe, sauran duk zai zo masa da sauƙi. Idan aka danna hannun injin, sandar turi tana hawa sama ta cusa kwanso cikin ƙarfen matsi. Ƙarfin da ke tsakanin su biyun babba ne ƙwarai, amma a cikin gangar jikin injin yake zagayawa ya ƙare, ba ya isa teburi. Shi ya sa ake son jiki mai siffar O na zubin ƙarfe, don ya fi mai siffar C jure buɗewa. Abin da ke sauka a kan teburi shi ne nauyin da mutum ya ɗora a kan hannun, sai dai hannun yana lilo ne a gaban teburin, can waje da bakinsa. Bakin teburi ya zama madogara ke nan, kamar dutsen da ake sa wa a ƙarƙashin ƙarfen ɓanɓara: gaban injin yana danna katako ƙasa, notinan baya kuwa sama ake fizgar su.

A ɗauki misali don lissafi. A ce mutum ya ɗora nauyin kilo 20 a kan ƙwallon hannun, ƙwallon yana santimita 40 gaba da bakin teburi, notinan baya kuma suna santimita 8 daga bakin. Fizgar da za ta same su ta kai ta kilo 100, ninki biyar. Kuma ba sau ɗaya ba, a kowane kwanso, ɗari bayan ɗari.

Dawowar hannu ma da nata. Lokacin zare kwanso daga ƙarfen matsi, musamman in man shafawar ya yi kaɗan, sai an ja da ƙarfi, sai fizgar ta juya: notinan gaba ne yanzu suke shan ta. A injina irin su RL 550 na kamfanin Dillon, furaima tana zama ne idan aka tura hannun gaba bayan ya dawo, don haka teburin turawa ake yi wajen bango. Wannan kai-komo shi ke kwance noti a hankali, shi ke faɗaɗa rami a katako mai laushi.

Illar teburi mai lanƙwasa ta wuce gajiyar kafaɗa. Mai ɗuri da hannunsa yake jin aikin. Da hannu yake gane furaima ta zauna daram ko ta karkace, da hannu yake jin kwanson da wuyansa ya tsage ya shige ba tirjiya. In katako yana lotsawa a ƙarƙashin injin, wannan jin ya dushe. A injin da ke yin matakai da yawa a ja ɗaya kuwa, girgiza tana watsar da albarushi daga bakin kwanson da ba a rufe ba tukuna, tana kuma sauya yadda albarushin yake kwanciya a cikin ma'aunin da ke zuba shi.

Saman teburi da ƙafafunsa

Abin da aka fi yi shi ne a haɗa filawud biyu masu kaurin 3/4 na inci, a shafe su da gam a ɗaure da sukuru, su ba da kusan inci 1.5, kimanin milimita 38. Katako mai tauri da aka jera aka manne, ko tsohuwar ƙofa mai cikakken ciki, su ma suna yi. Allon da aka yi da dusar katako ba ya yi shi kaɗai: yana da nauyi, yana da santsi, ido yana ganin kamar zai jure, amma ramin noti yana rududdugewa, wata rana bakin ya ɓalle da injin a jikinsa. Wanda ba shi da wani teburi sai irin wannan yakan sa farantin ƙarfe ko guntun filawud sama da ƙasa, ya matse allon a tsakiya, don fizgar ta bazu.

Wurin da ya fi dacewa shi ne daidai kan ƙafar teburi ko dab da ita, domin nauyin ya bi ƙafar ya sauka ƙasa. Tsakiyar dogon teburi nan ne ya fi lotsawa.

Shi kansa teburin dole a hana shi kifewa gaba. Gidajen Amurka galibi da katako ake tsara bangonsu, ginshiƙan ciki suna tazarar inci 16 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, don haka ana neman ginshiƙan a ɗaure bayan teburin da manyan sukurori. Allon jifsam da ke rufe bangon ba ya riƙe komai. A bangon kankare sai a yi amfani da ƙusoshin da ke buɗewa cikin rami. Ɗan haya da ba a yarda ya huda bango ba yakan yi wa teburin kanta a ƙasa ya loda mata nauyi, kuma da yake ƙwayoyin harsashi na dalma ne, akwatunansu kan wadatar.

Ɗaurin kansa

Kafin a huda komai ana ɗora injin a bakin teburi a riƙe shi da maɗamki, a ja hannun tun daga sama har ƙasa. Nan ake gano abubuwan da takarda ba ta faɗa: gaɓoɓin ƙasan injin suna dukan katakon da ke tallafe da saman teburi, ko hannun yana tsayawa a jikin aljihun teburi kafin ya kai ƙarshe, ko aljihun ma ba zai ƙara buɗuwa ba. Sai a matsa, a sake gwadawa. Idan wuri ya yi, a sa fensir cikin ramukan gindin injin a yi alama, a sauke shi, a huda a miƙe.

Ƙa'idar da masu aikin suka haɗu a kanta ita ce ƙusa mai zare ta ratsa teburin ta fito ta ƙasa, a ɗaure ta da noti. Sukurun katako zarensa kaɗai yake cizo, kuma fizgar sama ita ce ainihin abin da yake kasa jurewa. Kaurin ƙusar ya danganta da ramin injin, yawanci 1/4 ko 5/16 ko 3/8 na inci, kuma a ɗauki mafi kaurin da ramin zai karɓa. A ƙasa ana sa washa mai faɗi don kada notin ya nutse cikin katako, sannan noti mai zoben roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. A ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, ba a gama ɗaya a koma ɗaya ba. Gindin alminiyom ko na zubin ƙarfe yana iya tsagewa in aka matse shi a kan wuri mai tudu da kwari, saboda haka in akwai giɓi a ƙarƙashinsa, a gyara katakon, kada a ce sufana za ta cike shi. Bayan 'yan makonni katako yakan ɗan kwanta, sai a sake bin notinan.

Tsawo da ɓangaren hannu

Babu tsawo ɗaya da ya dace da kowa. Teburin rubutu yakan kai inci 29 zuwa 30, kantar kicin ta Amurka inci 36, kusan santimita 91, kuma tsakanin mai aiki a zaune da mai aiki a tsaye akwai bambanci mai yawa. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne hannun injin ya kai ƙarshen saukarsa ba tare da mutum ya sunkuya ko ya sauke kafaɗa ba. A injin mai matakai da yawa akwai ƙarin sharaɗi, ido ya iya leƙa cikin kwanso ya ga albarushi kafin a ɗora ƙwaya, domin kwanson da ba a zuba wa ba da wanda aka zuba wa sau biyu duk haɗari ne. Wannan ya sa ake maƙala ƙaramar fitila a jikin injin.

Mai amfani da dama yakan sa injin wajen ƙarshen dama na teburi, ya bar fili a hagu don hannun da ke ɗauko kwanso. Rock Chucker Supreme ana iya mayar da hannunsa kowane ɓangare. Co-Ax na kamfanin Forster kuwa hannunsa ta sama yake zuwa, a tsakiya, don haka kantar da aka kafa ƙasa-ƙasa a kan teburi tana iya tare shi.

Ƙafar ƙarfe da faranti mai cirewa

Kamfanoni sun fito da ƙafafun ƙarfe da ake ɗora injin a kai. Strong Mount na Dillon, kamfanin da ke Scottsdale a Arizona, da Ultramount na Inline Fabrication suna ɗaga injin sama, suna kuma mayar da shi kan teburin maimakon ya rataye a baki. Faɗin gindinsu yana nesanta notinan baya daga madogara. A koma lissafin ɗazu: in tazarar ta tashi daga santimita 8 ta kai 25, fizgar ta ragu ƙwarai ko da nisan hannun bai sauya ba. Ga mai teburi mara kauri wannan ya fi ƙarin tsawon amfani, ko da yake yawanci don tsawon ake saye.

Mai injina da yawa a ƙaramin wuri yakan kafa faranti ɗaya a teburi, kowane inji ya samu nasa gindin da ke zamewa ciki a kulle. Lee, da ke Hartford a Wisconsin, yana da irin wannan, RCBS ma yana da faranti mai ramuka da aka riga aka yi wa zare. Na gida kuwa noti ne mai haƙora da ake bugawa ta ƙasan teburi ya zauna a can, a riƙa ɗaurewa da kwancewa ta sama kawai. Wanda ba shi da teburin dindindin yakan ɗaure injin a kan katako mai kauri, ya kama katakon a kowane teburi da maɗamkai biyu. Yana yi wa kwanson ƙaramar bindiga. Ga babban kwanson bindigar farauta sai mutum ya ga teburin yana bin sa.

Abin da bai kamata ya raba teburi da injin ba

Sikeli ne na farko. Albarushi da giren ake auna shi, giren 7,000 ne a laba ɗaya, kowane giren kimanin miligiram 65, sikelin kuma yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren. Abu mai wannan laushin ba ya son girgizar da kowane jan hannu ke aikawa cikin katako, don haka ana yi masa kantarsa daban a jikin bango, daidai tsawon ido.

Tsofaffin furaimomin da injin ke turowa waje suna zubar da baƙar ƙura mai ɗauke da dalma, shi ya sa ake rataya musu kofi ko bututu mai kai su cikin gwangwani, kuma ba a ci ba a sha a wurin. Daɓen siminti ko na katako ya fi kafet, domin furaima mai rai in ta faɗi cikin kafet ɓacewa take yi, injin zuƙe ƙura kuma yana iya tayar da ita. Tsintsiya ake sa wa. Albarushi da furaima ba a barin su a kan teburi sai wanda ake aiki da shi a lokacin, gwangwani ɗaya tak, don kada a gauraya iri biyu. Ƙa'idar NFPA 495 ta ƙungiyar kare gobara ta Amurka, wadda jihohin Amurka da yawa suka ɗauka, ta yarda a ajiye laba 20 na albarushi mara hayaƙi a gida cikin gwangwanayensa na asali, har zuwa laba 50 in yana cikin akwatin katako mai kaurin bango inci 1.