Wuƙaƙen gargajiya na Sudan da yadda ake tantance darajarsu

Wuƙaƙen gargajiya na Sudan su ne manyan wuƙaƙen da ruwansu ke kafe a cikin ƙota, ba a naɗe su, sai dai a zura su cikin kube. Maƙera na ƙera su don yanka da kare kai da ado, amma tun ƙarshen ƙarni na 19 suka zama kayan da masu sha'awa ke tarawa a ciki da wajen ƙasar. Hausawan Sudan, waɗanda ake yawan haɗa su da Fulani da Barebari a kira su Fallata, suna cikin masu amfani da su. Da yawa daga cikinsu zuriyar mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar.

Ire-irensu

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wuƙar damtse, wadda ake kira sikkin al-dira da Larabcin Sudan. Ruwanta miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, tsawonsa kamar taƙi guda. A jikin kubenta akwai zoben fata da ake zura hannun hagu a ciki har sama da gwiwar hannu, hannun riga ya rufe ta. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin Buzaye da Tubawa ma a hannu suke ɗaura tasu.

A gabas, wajen Kasala da tsaunukan Bahar Maliya, akwai shotal ta ƙabilun Beja, musamman Hadandawa. Ruwanta a lanƙwashe yake, wani har kamar ƙugiya. Ƙotarta ta baƙin icen abanus ce, mai faɗi sama da ƙasa, tsukakkiya a tsakiya inda hannu ke kamawa, kuma a ɗamara ake sa ta.

Babbar yayarsu ita ce kaskara. Takobi ce, ba wuƙa ba, sai dai masu tara wuƙaƙe ba sa raba su, tunda maƙera ɗaya da dukawa ɗaya ke yin su. Ruwanta ya kai santimita 90, miƙaƙƙe mai kaifi biyu, da ƙarfen tsare hannu a gicciye, kubenta kuma yana buɗewa kamar ganye kusa da ƙarshe. Sunan kaskara a bakin Turawa masu tara makamai ya fi zama. Mutumin Kasala ko Omdurman saif kawai zai ce. Tana kama da takobin ƙasar Hausa, amma tsinin takobinmu ya fi zama a dunƙule, ƙarfen tsare hannunsa kuma faffaɗa ne lulluɓe da fata ko tagulla.

Ƙarfe da alamomi

A nan ne aikin tantancewa yake. A ƙarni na 19 an shigo da ruwan takubba masu yawa daga garin Solingen na Jamus, maƙeran gida suka riƙa sa musu ƙota da kube. Waɗannan suna ɗauke da tambarin maƙeran Turai, irin su jinjirin wata mai fuskar mutum, da zaki, da ƙuda. Da mutane suka shaida ingancin ƙarfen, sai tambarin ya zama abin nema, maƙeran gida kuma suka fara buga irinsa a kan nasu. Saboda haka ganin wata biyu a kan ruwan takobi bai isa hujjar cewa daga Jamus ya fito ba. Mai ido yana duba zurfin tambarin da tsabtar gefensa, ya duba kwarmin da aka ja a tsakiyar ruwan, ɗaya ne mai faɗi ko uku sirara, ya ga ko sun miƙe sambal ko hannu ya ɗan karkace.

A zamanin Mahadi da Halifa Abdullahi an yi wasu makamai da aka cika ruwansu da rubutun Larabci irin na sulusi, wanda aka ci da ruwan asid. Suna da kwarjini a ido, amma sau da yawa ƙarfensu bai kai na marasa ado ba, rubutun ma wani lokaci maimaita haruffa ne kawai ba ya karantuwa.

Yau yawancin maƙera da ƙarfen sifirin tsofaffin motoci suke aiki, kuma wannan ba aibu ba ne. Ƙarfe ne mai tauri da ke riƙe kaifi idan an iya ba shi ruwa. Gwajin da ake yi a bakin maƙera bai da wuya: mai saye ya dafa tsinin takobi a ƙasa ya ɗan tanƙwara shi, in ya saki ya koma daidai to ya sha ruwa yadda ya kamata, in ya tsaya a karkace a ajiye shi. Wuƙa kuwa ana goga mata magagari a gefen kaifi. Idan ya zame bai kama ba, ƙarfen ya yi tauri. Idan ya ci ta kamar sabulu, ado ce kawai. Sai a girgiza ƙota a ji ko tana motsi.

Ma'auni biyu

Ɗan ƙasa da mai tarawa ba abu ɗaya suke nema ba. Mahauci, ko mai agashe, wato gasasshen naman nan mai ƙuli da Hausawa suka shahara da shi a Sudan, wuƙar da za ta fere nama siriri ba tare da an koma kan dutsen wasa kowane lokaci ba yake so. Makiyayi na son wadda ba za ta ɓalle ba. A wurinsu sabon kube da sabuwar ƙota ƙarin daraja ne, shi ya sa za a ga ruwan takobin kaka a cikin kuben da aka ɗinka bara.

Mai tarawa kuwa tsufa yake saye. Abin da ɗan ƙasa ke kira gyara, a wurinsa ɓarna ce. Wanda ya sa injin wasa ya goge baƙin da shekaru suka bari a jikin ƙarfe har ya yi ƙyalli, ya rage wa kayansa kuɗi da hannunsa. Ya fi son a share tsatsa mai ci da ɗan mai da ƙyalle, a bar sauran yadda yake. Bayan tsufa sai asali: wa ya mallake ta, ta wace hanya ta zo. Bayan yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumba 1898, inda aka ci rundunar Halifa Abdullahi kusa da Omdurman, sojojin Ingila sun kwashi makamai da yawa a matsayin ganima, haka ma bayan kashe Sarkin Darfur Ali Dinar a 1916, kuma daga nan ne da yawan waɗanda ke gidajen tarihi da kasuwannin gwanjon Turai suka fito. Wannan ya sa dillali ba ya rasa labari. Da duk takobin da aka ce ya halarci Karari ya halarta, da filin bai ɗauke su ba.

Ado, wato azurfa a ƙota da fatar kada ko ta guza a kube, yana ƙara farashi, amma shi ne ya fi sauƙin yaudarar sabon shiga. Tun farkon ƙarni na 20 ake yin kube mai kan ɗan kada don 'yan yawon buɗe ido, ruwan da ke ciki kuwa sau da yawa ko albasa ba zai yanka da kyau ba.

Ana iya kwatanta wuƙaƙen Sudan da jambiya, wato wuƙar gargajiya ta kudancin Saudiyya da Yaman. Bambancin a bayyane yake: a jambiya ƙota ce ke ɗauke da yawancin kuɗin, musamman ta ƙahon karkanda, a wuƙar Sudan kuwa ƙarfen ake fara tambaya.

Doka

Yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikin ƙahon karkanda tsakanin ƙasashe tun 1977, a 1989 kuma aka yanke irin wannan hukunci a kan hauren giwa, don haka wuƙa mai irin wannan ƙota na iya tsayawa a hannun jami'an kwastan. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara wata matsala, domin an wawashe gidajen tarihi, ciki har da babban gidan tarihin ƙasa da ke Khartoum. A Satumbar 2024 hukumar UNESCO ta yi kira ga dillalai da masu tarawa da su guji saye ko safarar kayan tarihin da suka fito daga Sudan.