Ranar Nishaɗi da Baje Kolin Karnukan Basset a Birtaniya

Ranar nishaɗi taro ne na yini guda da ƙungiyoyin masu kiwon karen basset suke shiryawa a Birtaniya da bazara, galibi a ƙarshen mako tsakanin Yuni da Agusta, a filin wasa na ƙauye ko a harabar zauren taron gari. Ana haɗa abubuwa uku a cikinsa: ɗan ƙaramin baje koli da alƙali, wasanni na raha, da tara kuɗi domin ƙungiyar ko domin masu ceto karnukan da iyayen gidansu suka kasa riƙewa. Kusan duk tsarin ranar, tun daga lokacin farawa har zuwa irin wasan da ake yarda a yi, ƙirar jikin karen ce take yanke shi.

Karen da ake taruwa dominsa

Sunan basset daga Faransanci ya fito, daga kalmar da ke nufin gajere ko na ƙasa-ƙasa. A Faransa aka samar da shi domin farautar zomo da hanci, mafarauci yana biye da shi a ƙafa. Ya sha bamban da karnukan farauta na Sahel irin su azawak, masu hango nama da ido su cim masa da gudu. Basset sunkuyar da kai yake yi ya bi sawu a hankali, yana wani kuka mai kauri da ake ji daga nesa.

Tsayinsa a kafaɗa santimita 33 zuwa 38 ne bisa ƙa'idar Birtaniya da ke bayyana yadda siffar irin za ta kasance, amma nauyinsa kan kai kilo 25 zuwa 30, wani ma ya wuce. Wato babban kare ne a kan gajerun ƙafafu, kuma gajartar gado ce, daga yadda guringuntsin ƙasusuwan ƙafa yake daina girma da wuri. Yana da dogon baya, kunnuwa masu reto, fata sako-sako, da wutsiya a ɗage wadda sau da yawa bakinta fari ne. Launin da aka fi gani shi ne baƙi da fari da ja-ja a haɗe, ko fari da ruwan lemo.

Lord Galway ya shigo da guda biyu Ingila daga Faransa a 1866. Everett Millais, ɗan shahararren mai zane John Everett Millais, ya kawo wani kare mai suna Model a 1874, ya nuna shi a Wolverhampton a 1875, daga nan irin ya fara suna. Sarauniya Alexandra ma ta kiwata su a gidan sarauta na Sandringham. An kafa ƙungiyar masu kiwon basset, Basset Hound Club, a shekarun 1880, ta durƙushe bayan yaƙin duniya na farko, aka sake farfaɗo da ita a 1954. A yau akwai ƙungiyoyin yanki a kudanci da tsakiya da arewacin Ingila, da Scotland da Wales. Tun da dokar 2004 ta hana farautar zomon daji da karnuka a Ingila da Wales, abin da ya rage wa mafi yawan basset shi ne zaman gida, yawo cikin ayari, da irin wannan taro.

Matsayin taron a cikin baje koli

Kennel Club, wadda aka kafa a 1873, ita ke tsara baje kolin karnuka a Birtaniya, kuma mataki-mataki ne. A sama akwai gasar zakaru, inda ake ba da takardar cancanta. Hanyar da aka saba kare ya zama zakara ita ce ya sami guda uku daga alƙalai uku daban-daban. Crufts, da ake yi a Birmingham kowane Maris, ita ce mafi girma. Ƙasa da wannan akwai buɗaɗɗiyar gasa, da gasar 'yan ƙungiya zalla. Ranar nishaɗi tana can ƙasan tsanin. Ba a neman takardar asalin kare, ana rubuta suna a bakin teburi da safe a biya fam ɗaya ko biyu kan kowane rukuni, kuma nasarar da aka samu ba ta kai kare ko'ina. Wannan ne ya sa masu shirin shiga babbar gasa suke kawo 'yan kwikwiyonsu nan su saba da igiya, hayaniya da hannun baƙo.

Shirya fili

Abu na farko da kwamiti yake dubawa shi ne shinge. Basset idan ya kama ƙanshi kunnensa ya toshe, kira ba ya dawo da shi, kuma yana ratsa ƙasan shingen da dogon kare ba zai iya ba. Fili mai ƙofa ɗaya da za a iya sa mutum ya tsare ya fi fili mai faɗi da ke bakin titi. Sai inuwa, famfon ruwa, da ciyawa da aka yanke gajere. Doguwar ciyawa a Yuli tana da 'ya'ya masu tsini kamar kibiya, kuma kunnen da ke jan ƙasa shi ne farkon mai kwasarsu.

Da'irar alƙalanci ana kewaye ta da igiya da turaku, kamar mita 12 zuwa 15 kowane gefe, a wuri mai laushi marar rami, da rumfa a kusurwa domin alƙali da teburin mai taimaka masa. Ana ajiye kwanonin ruwa a wurare da dama maimakon babban baho guda. Kare yana shan kamar mililita 50 zuwa 60 kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wato lita ɗaya da rabi ga basset mai kilo 28, kuma da zafi ya kan ninka. Masu basset da yawa suna zuwa da kwano mai ƙaramin baki, don kada kunnuwa su tsoma cikin ruwa su jiƙe su kwashi ƙasa.

Kafin ranar, sakatare yana tabbatar da inshorar da za ta biya idan wani ya ji rauni, ya sanar da asibitin dabbobi mafi kusa da ke buɗe ranar hutu, ya manna lambarsa a teburi. Doka ta wajabta tun Afrilu 2016 a sa wa kowane kare 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, kuma a bainar jama'a dole ya kasance da abin wuya mai sunan mai shi da adireshi. Kwashe kashi wajibi ne. Ana ajiye ledoji da bokiti mai murfi, domin kwamitin da ya bar fili da ƙazanta da wuya a sake ba shi haya baɗi.

Yadda ake alƙalanci

Rukunan asali bisa shekaru ake raba su: kwikwiyo daga wata 6 zuwa 12, matashi har wata 18, buɗaɗɗen rukuni, da tsofaffi daga shekara 7. Idan karnuka suna da yawa a raba maza da mata.

Duka suna shiga su zagaya da'ira sau ɗaya, kare a hannun hagun mai riƙe da shi. Sannan ɗaya bayan ɗaya a tsayar da kare. Mai shi ya durƙusa, ya daidaita ƙafafun gaba a ƙarƙashin ƙirji, ya ja na baya kaɗan, hannu ɗaya ƙarƙashin haɓa, ɗayan yana tallafe da wutsiya. Ba a ɗora basset kan dogon teburi kamar ƙananan karnuka. A ƙasa ake duba shi ko a kan gajeren dandamali mai gangara da zai hau da ƙafarsa, saboda nauyinsa da bayansa. Alƙali yana buɗe leɓe ya ga haƙora, na sama su ɗan rufe na ƙasa kamar almakashi. Ya duba ido, ya jawo kunne gaba ya auna shi da hanci, ya shafa kafaɗa da haƙarƙari da baya, ya taɓa dagi. Daga nan ya sa a tafi da karen a siffar kusurwa uku, sai kuma a miƙe a dawo, domin ya ga tafiyar ta baya, ta gefe da ta gaba. Gwiwar gaba da ke lanƙwasowa waje aibi ce, haka jan yatsu a ƙasa.

Abin da alƙali yake nema ya canza. Bayan wani shirin talabijin na BBC a 2008 ya tona illar da kiwo don kyan gani yake yi wa lafiyar karnuka, Kennel Club ta sake rubuta ƙa'idojin iri-iri. Ta basset yanzu tana son kunne ya wuce bakin hanci kaɗan kawai, fata kada ta yi yawa, kuma a sami isasshen sarari tsakanin ƙirji da ƙasa. A Crufts ta 2012 aka fara sa likitan dabbobi ya duba zakarun wasu iri 15, kuma basset yana cikin shida da suka faɗi. Abin ya ɓata wa masu kiwo rai ƙwarai a lokacin.

Kyautar furen ƙyalle ce da kati. A Birtaniya ja na ɗaya ne, shuɗi na biyu, rawaya na uku, kore na huɗu. A Amurka shuɗi ne na ɗaya, ja na biyu, abin da kan rikita baƙi.

Wasanni

Bayan cin abinci ake shiga rukunan raha: wutsiyar da ta fi kaɗawa, fuskar da ta fi ban tausayi, kare da mai shi da suka fi kama, karen ceto mafi kyau, yaro mafi iya riƙe kare, da wanda alƙali zai so ya tafi da shi gida. Gasar kunne mafi tsawo tsohuwar al'ada ce, ana aunawa da tef ɗin tela daga gindin kunne zuwa baki. Wasu ƙungiyoyi ba sa son ta yanzu, tunda tana yabon abin da ƙa'ida take ƙoƙarin ragewa. Gasar kuka kuwa da wuya ta tafi yadda aka tsara. Karen da ya hana maƙwabta barci a gida sai ya yi tsit a gaban alƙali, can kuma wani a bayan rumfa ya ɗaga murya, sauran duka su amsa.

Tsere shi ne abin da jama'a suke jira. Ana yin sa a gajeren layi, mita 20 zuwa 30, mutum ɗaya ya riƙe kare a farko, mai shi ya tsaya a ƙarshe yana kira yana kaɗa abinci. Ba a rasa wanda zai tsaya tsakiyar hanya yana shinshina ciyawa, ko ya juya ya nufi rumfar kek. Ana raba tseren kashi-kashi, huɗu ko biyar a lokaci guda, kwikwiyo da tsofaffi daban. Ba a sa tsalle. Kare mai dogon baya da gajerun ƙafafu yana da saurin samun zamewar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya, kuma gaɓoɓin kwikwiyo ba su gama ƙwari ba kafin shekara guda. A madadin tsalle ana ɓoye guntun nama ƙarƙashin tukwanen shuka a bar kare ya nemo da hanci, wasan da ya fi dacewa da shi kuma ba ya gajiyar da shi.

Zafi

Zafi shi ne babban haɗarin ranar, ko da yake bazarar Ingila ba ta kai ta ƙasashe masu rana ba (mafi tsananin da aka taɓa aunawa digiri 40.3 ne, a Coningsby, ranar 19 ga Yuli 2022). Kare ba ya gumi ta fata kamar mutum, da haki yake sanyaya jiki. Basset mai ƙiba, cikinsa dab da ƙasa mai tururi, yana zafafa da wuri. Zafin jikin kare lafiyayye kamar digiri 38 zuwa 39 ne. Idan ya haura 41 gaɓoɓin ciki suna fara lalacewa. Binciken likitocin dabbobi na Birtaniya da aka buga a 2020 ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na karnukan da zafi ya kwantar motsa jiki ne sanadi, ba mota ba. Shi ya sa ake dawo da tsere safiya ko a soke shi idan rana ta take, a kuma fasa gasar kwalliya, inda ake lulluɓe kare da tufa. Motar ma tarko ce: ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA ta ce idan waje digiri 22 ne, cikin mota kan kai 47 a sa'a guda. Ana sa mutum ya riƙa zagaya wurin ajiye motoci yana leƙawa. Kwalta kuwa da bayan hannu ake gwada ta. In ba a iya jurewa daƙiƙa biyar ba, za ta ƙona dagi.

Alamomin su ne haki mai ƙara da ba ya lafawa, miyau mai yauƙi, dasashi ja jawur, tangaɗi, amai, sai faɗuwa. Ƙa'idar ita ce a sanyaya tukuna, sannan a ɗauka zuwa asibiti. A kai kare inuwa, a riƙa kwarara masa ruwan sanyi a jiki ana fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan idan yana iya sha. Kuskuren da aka fi yi shi ne rufe shi da jiƙaƙƙen tawul a bar shi a kai. Tawul ɗin yana ɗumama ya riƙe zafin. Ko ya warware, sai likita ya gan shi, domin illar ƙoda da ta jini kan bayyana bayan sa'o'i.

Sauran abubuwan da kan ɓaci

Basset ɓarawon abinci ne, kuma idan ya miƙe kan ƙafafun baya tsawonsa ya kai teburi. Cakulan, busasshen inabi da ake sawa a kek, albasar da ke kan gasasshen nama, da zaƙin roba na zailitol duk guba ne gare shi, don haka ake sa rumfar abinci nesa da da'ira. Ƙirjinsa mai zurfi yana sa shi cikin masu haɗarin kumburi da murɗewar tumbi. Ba a ciyar da shi ya ƙoshi sa'a ɗaya kafin gudu ko bayansa. Idan ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana kakarin amai babu abin da ke fita, tiyata ce ta gaggawa.

Tarin da karnuka ke ɗauka a taro yana yaɗuwa ta numfashi da kwanon ruwa. A baje kolin Kennel Club mai kare yana sa hannu cewa karensa bai kamu ko ya cuɗanya da cuta mai yaɗuwa ba cikin kwana 21, kuma yawancin ƙungiyoyi suna aron wannan sharaɗi. Karyar da ke lokacin barbara ana roƙon a bar ta gida, don ƙanshinta kaɗai ya isa ya hargitsa maza ashirin. Faɗa bai cika faruwa ba, tunda an kiwata irin ne don zama cikin garke. Idan ya tashi, galibi a kan abinci ne ko igiyoyi masu miƙewa da suka sarƙe, dalilin da ya sa ake hana su cikin da'ira.

A gida da yamma ana ɗaga kunne a duba ciki da tsakanin yatsu, a goge naɗe-naɗen fata a busar, saboda danshi a wuraren nan yana haifar da ƙaiƙayi da wari. Karen da ya dawo yana girgiza kai yana karkata shi gefe ɗaya, akasari ɗan ciyawa ne ya shige ramin kunne. Ba a tura auduga ko tsinke a bi shi; likita ne yake ciro shi da ɗan hantsaki, wani lokaci sai an yi wa karen allurar barci.