Koren soso da jirgin sama: yadda sana'ar jera furanni ta tsinci kanta a rigimar muhalli

In ka ɗaga furannin da aka jera a teburin taro ko na biki ka leƙa ƙasa, galibi wani koren soso zaka gani an sossoke kararen furannin a jikinsa. In ka danna shi da yatsa lotsawa yake kuma baya dawowa, in ka murza sai ya zama gari a hannunka. Masu sana'ar ba sa danna shi cikin ruwa, ɗora shi suke a kai su barshi ya nutse da kansa, don in aka tura shi da ƙarfi tsakiyarsa a bushe take zama furen ya mutu da ƙishi. Mutane da yawa ɗauka suke wani abu ne na tsiro saboda kalarsa, alhali roba ce zalla, da sinadaran phenol da formaldehyde ake haɗa ta, kuma sau ɗaya ake amfani da ita a yar tunda ta riga ta huhhuje.

Abun bai wani daɗe ba fa. A 1954 ne wani Ba'amurke mai suna V. L. Smithers ya fito da shi a garin Kent na jihar Ohio, da sunan Oasis, sunan da har yau ake kiransa da shi a kusan ko'ina. Kafin nan ai an shafe ɗaruruwan shekaru ana jera furanni ba tare da shi ba. Japanawa masu fasahar jera furanni da suke kira ikebana suna da kenzan, wani faifan ƙarfe mai nauyi da allurai a tsaye da ake cake karan furen a kai, Turawa kuma suna amfani da gansakuka da rassan itace da ƴan tukwane masu huji, sai kuma wayar raga irin ta kejin kaji da ake dunƙulewa a tura cikin tukunyar. Constance Spry, Baturiyar Ingila da ta kula da furannin bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta biyu a 1953, da wannan wayar ta yi suna, kuma matar nan bata raina komai, har ganyen lambu da rassan bakin hanya tana sakawa a aikinta. Shekara ɗaya kacal bayan wannan naɗin soson ya shigo kasuwa.

Kuma gaskiya ba a banza ya karɓu ba. Yana riƙe ruwa, yana riƙe kara a duk kusurwar da kake so, zaka iya haɗa aikinka a shago ka loda a mota ba ruwan da zai zube, ga shi sabon yaron shago cikin ɗan lokaci zai iya yin abun da a da sai an daɗe ana koyo. Makarantun koyar da sana'ar suka rungume shi, har aka samu tsara guda ta masu aikin da basu san wata hanya ba in ba shi ba. Ni a ganina nan ne asarar farko, tun ma kafin a zo maganar shara: hannu ya manta yadda ake sa kara ya tokari ɗan'uwansa su tsaya da kansu.

Canji na biyu ta sama ya zo. A da fure na damina da rani ne kamar kowane tsiro, in lokacinsa ya wuce sai baɗi, ko kuma a noma shi a gidan gilashi a yi ta ƙona mai ana ɗumama shi. A 1967 wani ɗalibi a jami'ar jihar Colorado, David Cheever, ya rubuta takardar makaranta yana cewa filayen da ke kewaye da Bogota a Kolombiya sun dace da noman fure, ga tudu mai sanyi-sanyi, ga hasken rana kusan awa 12 duk shekara, ga ma'aikata masu araha, ga Miami ƴan awoyi a jirgi. A 1969 shi da abokansa suka buɗe gona a can. Tsadar man fetur ta 1973 ta ƙara tura noman zuwa ƙasashe masu zafi, sannan a 1991 Amurka ta cire wa furannin Kolombiya da maƙwabtanta haraji wai don manoma su bar noman ganyen koken, wanda hakan ya karya gonakin fure da dama a California. Yau kusan kashi 80 cikin ɗari na furannin da ake sayarwa a Amurka daga waje ake shigo da su. Turai kuma ta juya zuwa Kenya, daga baya Habasha, a yanke furen wardi a bakin tafkin Naivasha a saka a ɗakin sanyi, a tashe shi daga Nairobi cikin dare, a yi gwanjonsa a Aalsmeer ta ƙasar Holan, a sake loda shi zuwa wata ƙasar.

To daga shekarun 1990 aka fara tambayar me wannan kyan yake ci. Naivasha tafkin ruwan daɗi ne mai dorinar ruwa da tsuntsaye, an saka shi cikin jerin dausayin duniya masu kariya na Ramsar a 1995, amma gonaki na jan ruwansa, garin na cika da masu neman aiki, a farin 2009 kuwa ruwan ya ja da baya sosai har hankalin kowa ya tashi. Ga kuma maganin feshi. Tunda fure ba abinci bane, a Tarayyar Turai ma babu iyakar da doka ta sa na ragowar maganin da zai iya zama a jikinsa, shi yasa wani bincike a Beljiyam a 2016 ya samu nau'in sinadari sama da 100 a furannin da aka sayo a shaguna. Ka tuna akwai matan da ke shiga rumfunan noman furen bayan feshi, akwai kuma mai shago da ke cire ganye da ƙaya da hannunsa tun safe har dare, sau da yawa ko safar hannu babu. Daga wannan matsin ne tamburan shaidar cewa gona na kula da muhalli da ma'aikata suka fito, MPS a Holan, Florverde a Kolombiya a 1996, ƙungiyar manoman fure ta Kenya a shekarar dai, sai furannin Fairtrade da aka fara sayarwa a Suwizalan a 2001.

Anan ne nake rabuwa da masu cewa kawai a daina sayen furen da ya hau jirgi. A 2007 jami'ar Cranfield ta Ingila ta auna, ta ga wardin da aka noma a gidan gilashi mai ɗumi da fitila a Holan ya fi na Kenya fitar da iskar kabon kusan ninki shida, duk da jirgin da na Kenyan ya hau, saboda shi rana ce ta raine shi kyauta. Sannan sama da mutum 100,000 ke aiki a gonakin Kenya, mafi yawansu mata, kuma mun ga abun da ya faru a Afrilun 2010 da dutse ya yi aman wuta a Iceland jirage suka tsaya, aka yi ta zubar da fure ana sallamar ma'aikata su koma gida, haka kuma a Maris ɗin 2020 da korona ta zo. Masu rajin furen gida da na lokacinsa, irin su Flowers from the Farm da aka kafa a Birtaniya a 2011 da tafiyar Slow Flowers a Amurka, suna da gaskiya ƙwarai, furen da ya girma a fili a lokacinsa kusa da mai saye shi yafi kowanne sauƙin illa. Amma wardi a tsakiyar hunturun Turai ba zai taɓa zama na fili ba, matsalar tana wurin mai saye da ya saba samun komai kowane wata.

Maganar soso kam bata da wannan sarƙaƙiyar. Wata mai sana'ar a Ostireliya, Rita Feldmann, ta fara kamfe a kansa a 2017, a 2019 kuma masu bincike a jami'ar RMIT ta Melbourne suka nuna ƙananan halittun ruwa na haɗiye ɓurɓushinsa, kuma sinadaran da yake saki a ruwa suna cutar da su. Abun da yafi damuna shine hanyar da yake bi, ba wani babban kamfani bane ke zubarwa, koren ruwan bokitin da aka jiƙa shi ne ake tuttulewa a magudana kullum a dubban shaguna, sauran kuma a binne shi tare da furannin makabarta ko a jefa cikin takin lambu bisa kuskure. Ƙungiyar lambu ta Birtaniya, RHS, ta haramta shi a baje kolinta daga 2021, har da babban baje kolin furanni na Chelsea a Landan. A jana'izar Sarauniya Elizabeth a 2022 furannin kan akwatin a kan gansakuka da rassan itacen oak aka ɗaure su ba soso, haka ma na naɗin Sarki Charles a 2023.

Masu aikin da suka bar shi ba wata sabuwar fasaha suka ƙirƙiro ba, dunƙule waya suke su tura a tukunya, su ɗaure bakin da salatif gicciye, su cika ruwa, su fara da rassa masu ƙarfi sannan su zura furen a tsakani, in an tashi taro a wanke wayar a ajiye ta don gobe. Yafi cin lokaci, kuma ɗaukar tukunya cike da ruwa a mota wahala ce ta gaske, kuma mai biki da ya kawo hoton katangar fure daga Instagram ba lallai ya yarda a rage ba, shi yasa bana ganin laifin ƙaramin mai shago shi kaɗai. Akwai sababbin bulo na zaren dutse da na ɓawon kwakwa a kasuwa yanzu, akwai kuma soson da ake tallatawa a matsayin mai ruɓewa, sai dai binciken RMIT ɗin ya gwada har da irin wannan ya ga shi ma ɓurɓushin roba yake zubarwa. A ɓangaren sufuri Kenya ta fara tura fure ta jirgin ruwa a kwantena mai sanyi, tafiyar kusan wata guda zuwa Turai da hayaƙi kaɗan, amma hare-haren Bahar Maliya daga ƙarshen 2023 sun sa jirage zagayawa ta kudancin Afirka, tafiyar ta yi wa fure tsawo, da yawa suka koma jirgin sama.